Daren Shiga Shekarar 2000: Fargabar Kwanan Wata a Kwamfuta, da Yadda Ta Ratsa Ƙasar Noman Rani

Matsalar kwanan wata ta shekarar 2000, wadda duniya ta sani da suna Y2K, aibi ne a cikin yadda tsofaffin kwamfutoci ke rubuta shekara. Manhajojin wancan zamani ba sa riƙe shekara da lambobi huɗu, biyun ƙarshe kawai suke ajiyewa. Shekarar 1975 a wurinsu 75 ce, 1999 kuwa 99. Muddin ana cikin ƙarni ɗaya, lissafi ba ya ɓaci. Amma da zarar an tsallaka daga 99 zuwa 00, na'ura ba ta da yadda za ta gane ko 2000 ake nufi ko 1900. A kan wannan ɗan giɓi ne gwamnatoci da bankuna da kamfanonin jiragen sama suka shafe shekaru suna aiki, aka kashe dukiya mai ɗimbin yawa, mutane da dama kuma suka kwana ido biyu a daren 31 ga Disamba, 1999. Shirin na yau zai bi asalin matsalar, da yadda labarinta ya iso Kura da Bunkure da Garun Malam a jihar Kano, da dalilin da ya sa ta wuce ba ta hana ko fangali ɗaya shan ruwa ba, sannan da abin da ya canja daga wancan lokaci zuwa yanzu.

Tsimi ne ya haifi matsalar. A shekarun 1950 da 1960, ana ba kwamfuta bayani ne ta hanyar wani kati mai huda-huda wanda kamfanin IBM ya yaɗa, kowane kati kuma gurbi 80 kacal gare shi. A cikin waɗannan gurabe 80 za a cusa sunan ma'aikaci da lambarsa da albashinsa da ranar haihuwarsa da ranar da ya kama aiki. Ita ma ma'ajiyar bayanai ta cikin na'urar tsada gare ta ƙwarai, ga ƙanƙanta. Don haka mai rubuta manhaja da ya yar da 19 ɗin farkon shekara ya ceci gurbi biyu a kowane kwanan wata, kuma a fayil mai ɗauke da sunaye miliyan guda wannan rangwame ne babba. Ba ma sabuwar ɗabi'a ba ce. Tun kafin kwamfuta akawu ke rubuta 12/3/68 a kan takarda, har gobe ma haka ake cike rasit. Bambancin shi ne, akawu ya san ƙarnin da yake ciki. Na'ura kuwa abin da aka rubuta mata kaɗai ta sani.

A 1959 aka ƙirƙiro COBOL, harshen rubuta manhaja wanda bankuna da kamfanonin inshora da ma'aikatun gwamnati suka runguma. Waɗanda suka yi aiki da shi sun ɗauka abin da suke rubutawa ba zai wuce shekara goma ko goma sha biyar ba za a maye gurbinsa. Ba haka ta kasance ba. Manhajar da ke aiki lafiya ba wanda ke son taɓa ta, sai dai a yi ta ɗora mata sabbin sassa. Aka wayi gari shekara talatin sun shuɗe, injuna sun canja sau da yawa, amma tsohon lissafin mai lambobi biyu yana nan a can ƙasa, waɗanda suka rubuta shi kuma sun yi ritaya ko sun riga mu gidan gaskiya.

A ɗauki misalin ma'aikacin da aka haifa a 1945. A shekarar 1999, na'ura za ta cire 45 daga 99, ta ce shekarunsa 54, daidai ne. Kwana ɗaya bayan ƙarewar shekarar sai ta cire 45 daga 00, ta fitar da amsar da ba ta da ma'ana, ko ta ce shekarunsa 45, ko ta tsaya cak. Haka abin yake ga rancen taki da aka karɓa a 1998 za a biya a 2000: na'urar na iya ganin ranar biya ta riga ranar karɓa da shekara 98. Maganin da zai lalace a 2001 na iya bayyana tamkar wanda ya lalace tun 1901. Jerin takardu da aka tsara bisa kwanan wata na iya juyewa, sabo ya koma can baya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙaramin kuskure ne. Abin tsoron shi ne su taru a rana ɗaya, a wurare dubbai, kuma na'ura ta miƙa wa 'yar'uwarta gurɓataccen bayani ba tare da wani ɗan Adam ya lura ba.

Akwai kuma wani tarko na biyu. A kalandar Miladiyya, wadda Fafaroma Gregory na 13 ya gyara a 1582, watan Fabrairu na yin kwana 29 duk bayan shekara huɗu. Shekarun cikar ƙarni an cire su daga wannan ƙa'ida, sai fa wadda za ta rabu da 400 ba saura. Shi ya sa Fabrairun 1900 ya tsaya a kwana 28, na 2000 kuwa ya kai 29. Masu rubuta manhaja da dama rabin ƙa'idar suka sani, saboda haka aka sa ranar 29 ga Fabrairu, 2000 cikin ranakun da ake jin tsoro. Sannan ga ƙananan ƙwaƙwalen lantarki da ke binne a cikin injunan masana'antu da matatun mai da tashoshin wuta da kayan asibiti. Yawancinsu ba ruwansu da shekara, amma ba a sanin wanda ke da ruwa da ita sai an bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ba a rasa masu gargaɗi da wuri ba. Wani masanin kwamfuta Ba'amurke mai suna Bob Bemer ya hango matsalar tun 1958, ya kuma yi rubutu a kanta a shekarun 1970, amma ba a saurare shi ba. Sai a 1993, da wani ɗan Kanada mai suna Peter de Jager ya buga wata maƙala a mujallar Computerworld, hankalin masu sana'ar ya fara tashi. A lokacin alamu sun soma bayyana a fili. A jihar Minnesota ta Amurka, an aika wa wata tsohuwa mai shekara 104 takardar gayyatar shiga ajin yara, domin na'ura ta ga 88 a shekarar haihuwarta ta ɗauka 1988 ce, alhali 1888 ce. Daga baya injunan shaguna suka riƙa ƙin karɓar katin banki da wa'adinsa ke ƙarewa a 00. Waɗannan su suka tabbatar wa masu shakka cewa ba hasashe ake yi ba.

Daga 1997 zuwa 1999 aikin gyara ya kankama. A Fabrairun 1998 Shugaba Bill Clinton ya kafa majalisa ta musamman ƙarƙashin John Koskinen. Gwamnatin Tony Blair a Birtaniya ta yi nata shirin. Majalisar Ɗinkin Duniya ta tara wakilan ƙasashe a Disambar 1998, kuma a farkon 1999 aka buɗe cibiyar haɗin gwiwa ta ƙasa da ƙasa da tallafin Bankin Duniya, wanda ya kuma ba wa ƙasashe masu tasowa gudummawar tsara nasu shirin. Aka kira tsofaffin masu COBOL daga ritaya. Kamfanonin Indiya irin su Infosys da Wipro da TCS suka sami kwangiloli masu yawa, kuma wannan aiki na cikin abubuwan da suka buɗe wa Indiya kasuwar manhaja ta duniya.

Gyaran iri biyu ne. Na farko, mai inganci, shi ne a faɗaɗa gurbin shekara ya koma lambobi huɗu a ko'ina, a manhaja da kuma cikin tsofaffin fayiloli. Yana cin lokaci da kuɗi. Na biyu dabara ce ta gaggawa: a bar lambobi biyun, a gaya wa na'ura cewa daga 00 zuwa 19, misali, na sabon ƙarni ne, daga 20 zuwa 99 kuma na tsohon ƙarni. Wannan ɗage matsala ne zuwa wata rana, kuma za a ga inda ya sake ɓullowa. Ƙiyasin da aka fi ambatawa shi ne duniya ta kashe kimanin dala biliyan 300, Amurka kaɗai ta kashe wajen biliyan 100.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Najeriya ta shiga wannan zango tana cikin wata hidimar daban. Ranar 29 ga Mayu, 1999 Janar Abdulsalami Abubakar ya miƙa mulki ga Cif Olusegun Obasanjo, a Kano kuma Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ya zama gwamna. A watan Oktoba Gwamna Ahmad Sani na Zamfara ya ƙaddamar da shirin aiwatar da shari'ar Musulunci, zancen da ya cika kowace majalisa a Arewa. Batun kwamfuta bai iya gogayya da waɗannan ba. Duk da haka akwai wuraren da ba su da zaɓi sai su ɗauke shi da muhimmanci: Babban Bankin Najeriya ya matsa wa bankuna su binciki na'urorinsu, kamfanonin mai suka bi injunansu, haka NITEL da NEPA da hukumomin sufurin sama, waɗanda ke da alhakin filaye irin na Malam Aminu Kano.

Kwamfuta a Kano ta wancan lokaci ba ta da yawa. Ana samunta a hedikwatar Bank of the North da manyan rassan bankuna, da Jami'ar Bayero, da wasu ma'aikatu da masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, da shagunan buga takardu na cikin gari. Da yawa daga injunan waɗannan shaguna na hannu ne, waɗanda aka gama yayinsu a Turai aka kawo. Irinsu ne agogon cikinsu ke komawa 1900 ko 1980 idan shekara ta juya. Maganin mafi yawansu mai sauƙi ne, a kunna da safe a rubuta kwanan watan da hannu. Wayar salula ta GSM ba ta zo ba tukuna, sai a 2001 aka sayar da lasisi aka fara aiki. Layukan NITEL a duk faɗin ƙasar ba su kai miliyan ɗaya ba.

Saboda haka, a Kura da Bunkure rediyo ne ya kawo labarin. Sashen Hausa na BBC da Muryar Amurka da Muryar Jamus, da Rediyon Tarayya na Kaduna da Rediyon Kano, su ne tagar da manomi ke leƙa duniya ta cikinta. Abin da ke saura a kunne bayan an kashe akwati ba bayanin lambobi biyu ba ne, abubuwan da ake fargabar za su faru ne: jirage na iya rikicewa a sama, bankuna na iya manta kuɗin mutane, wuta na iya ɗaukewa a manyan biranen duniya, makamai masu linzami na iya samun saƙon ƙarya. Wannan na ƙarshe ba a ɗauke shi wasa ba, domin hafsoshin Amurka da na Rasha sun zauna a ɗaki ɗaya a jihar Colorado a wancan dare suna sa ido tare. Ga mutumin da bai taɓa ganin kwamfuta ba, jin cewa manyan ƙasashe na rawar jiki ya isa ya sa shi tunanin ko wani abu ne ake ɓoyewa.

Daga nan ne zancen ya cakuɗe da batun tashin duniya. A ƙasashe da yawa an sami ƙungiyoyin da suka ɗauki cikar shekara 2000 alamar ƙarshen zamani, kuma wannan ruɗu ya kai ga mummunan ƙarshe a Kanungu ta ƙasar Uganda, inda a watan Maris na 2000 ɗaruruwan mabiya wata ƙungiya suka halaka bayan ranar da shugabanninsu suka sa ta wuce. Ƙasar Hausa ba baƙuwar irin wannan zullumi na juyawar ƙarni ba ce, sai dai nata da kalandar Hijira yake tafiya. Gabanin shekarar 1300, wadda ta kama a ƙarshen 1882, zancen bayyanar Mahadi ya sa jama'a da dama sun bar Daular Usmaniyya sun nufi gabas. Shigowar 1400 a Nuwambar 1979 ma ta zo da nata tashin hankali. Amma shekarar 2000 ga Musulmin Kura ba kan ƙarni ba ce, a cikin 1420 ta shigo. Abin da kowane almajiri ya sani kuma shi ne babu wanda ya san ranar tashin alƙiyama sai Allah. Wannan ya rage wa jita-jitar kaifi sosai a wannan yanki.

Babban dalilin da ya sa fargabar ba ta sami wurin zama ba yana cikin yadda aikin ban ruwan kansa yake. Madatsar Tiga an gina ta tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo. Daga can ruwa ke bin babban kanal ya ratsa Ruwan Kanya, sannan ya rabu biyu, reshen yamma ya nufi Kadawa da Kura, reshen gabas ya nufi ɓangaren Bunkure. Kashin farko na aikin an tsara shi ne ya shayar da hekta kimanin 22,000, kuma tun bayan kafa ta a 1976 Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke kula da shi. Duk wannan tafiya gangara ce ke yin ta. Tiga na sama, gonaki na ƙasa, ruwa na bin hanyarsa ba da turin inji ba. Ƙofofin ƙarfe da ke raba shi, mutum ne ke murɗa su da hannu. Daga ƙaramin kanal zuwa fangali kuma manomi ne da fartanyarsa ko bututunsa. Babu inda shekara ke shiga wannan lissafi.

Haka sauran harkokin suke a wancan lokaci. Kuɗin ruwa ana rubuta shi a littafi, a yanki rasit. Injin gyaran shinkafa a Kura dizal ko wutar NEPA yake sha, ba ya tambayar kwanan wata. Mai sayen tumatir a Kwanar Gafan da tsabar kuɗi yake zuwa, a loda kwanduna a mota ta kama hanyar Kudu. Dukiyar manomi tana cikin buhunan shinkafa da dabbobi da adashe, ba a fayil ɗin banki ba. Albashin ƙaramar hukuma akasari hannu da hannu ake biya, takardu kuma da tafireta ake buga su. Shi kansa lokacin aiki, manomi yana auna shi da shigowar sanyi da tsawon kwanakin shuka, ibada da watan sama, kalandar boko kuwa ta ofis ce da makaranta.

Wannan ba ya nufin yankin ba shi da ta inda za a taɓa shi. Man da injin ban ruwa na masu gonakin gefen kanal ke sha daga matata da defo yake fitowa. Takin zamani ta tashar jiragen ruwa yake shigowa. Ɗan kasuwar da ke sayen amfanin gona yana da hulɗa da banki a Kano ko Legas. Da manyan na'urorin waɗannan wurare sun tsaya na makonni, da raɗaɗin ya iso gona, ko da a makare. Kariyar da yankin ke da ita ta nisa ce, ba ta rabuwa da duniya ba.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Ranar 31 ga Disamba, 1999 Juma'a ce, kuma ta faɗo a cikin goman ƙarshe na watan azumi. Hunturu ne, alkama ta tsiro ta rufe ƙasa, tumatir na hanya. Da misalin ƙarfe 12 na rana agogon Najeriya, lokacin da ake shirin tafiya masallaci, ƙasar New Zealand ta riga ta shiga sabuwar shekara, kuma wutarta ba ta ɗauke ba. Ostareliya ta biyo baya, sai Japan, sai Sin da Indiya. Kafin a sha ruwa a Kura, gabashin Asiya ya tsallaka lafiya. Babban labarin ranar ma ya zo ne daga Rasha, inda Shugaba Boris Yeltsin ya yi murabus ya miƙa wa Vladimir Putin. Sha biyun daren Najeriya ya zo ya wuce tsakanin asham da tahajjud. Ga harkar jiragen sama, lokacin da ake jira shi ne ƙarfe 1 na dare agogon Kano, domin da agogon GMT suke aiki, kuma iyalan da ke da 'yan'uwa a Umarar ƙarshen azumi suna da dalilin kasa kunne. Shugabar hukumar sufurin sama ta Amurka, Jane Garvey, tana cikin jirgi a daidai wannan sa'a don ta nuna ba abin tsoro. Babu jirgin da ya faɗo saboda kwanan wata. Aka wayi gari Asabar, ruwa na gudu a kanal, bayan mako guda kuma aka yi Ƙaramar Sallah.

Kurakurai dai sun faru, ƙanana da matsakaita. A Ingila, dubban injunan karɓar katin banki sun ƙi aiki a kwanakin ƙarshe na Disamba. A Japan, na'urar sa ido a wata tashar nukiliya ta sami tangarɗa, ba tare da haɗari ba. Amurka ta yi wani ɗan lokaci ba ta iya sarrafa hotunan wasu taurarin leƙen asirinta. Shafukan intanet da dama sun nuna shekarar 19100. Wanda ya fi ciwo shi ne na wani asibiti a birnin Sheffield, inda na'ura ta yi kuskuren lissafin shekarun mata masu juna biyu, aka ba mata 154 sakamakon gwaji da ba daidai ba, kuma ba a gano ba sai bayan watanni. A Najeriya, ɗaukewar wuta ta ƙasa baki ɗaya da ta sa Shugaba Obasanjo ya rushe hukumar gudanarwar NEPA a watan Maris na 2000 ba ta da alaƙa da kwanan wata. Tsufan kayan aiki ne da rashin kulawa.

Da abin ya wuce salin alin, sai muhawara ta tashi, kuma har yau ba ta mutu ba. Wasu na cewa ƙarya ce aka shirya don a sayar da sabbin injuna. Suna kafa hujja da ƙasashe irin su Italiya da Koriya ta Kudu da Rasha, waɗanda suka kashe kuɗi kaɗan amma ba su ga wata masifa ba. Hujjar tana da nauyi, kuma gaskiya ne an yi zuzutawa: masu sayar da kaya da masu littattafan tsoratarwa sun ci kasuwa, wasu Amurkawa sun tara abinci da ruwa da janareta kamar ana shirin yaƙi. To amma cewa babu matsalar ɗungurungum kuskure ne. Bankuna da kamfanonin waya da suka tura agogon na'urorinsu gaba don gwaji sun ga lissafi na wargajewa da idonsu, shi ya sa suka biya kuɗin gyara. Ƙasashen da suka makara kuma sun amfana da manhajojin da kamfanonin da suka ƙera su suka riga suka gyara wa kowa.

Manomin wannan yanki ya fi kowa sanin irin wannan aiki. Idan aka yashe kanal aka cire kacalla da laka kafin a saki ruwa, ruwa zai kai har gonar ƙarshe, kuma babu wanda zai tsaya yabon masu yasa, domin ba abin da ya faru. Shekarar da aka bari ne kowa ke sanin amfaninsu. Gyaran shekarar 2000 haka yake: nasararsa ita ce ta ɓoye shi. Tambayar da ta cancanci a yi ita ce ko an kashe fiye da abin da ya kamata, kuma mai yiwuwa an kashe. Amma dubban mutanen da suka zauna suna bin layin manhaja ɗaya bayan ɗaya sun yi aikin da ya kamata a riƙa tunawa da shi da mutunci.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Nisan da ya kare Kura da Bunkure a 1999 ya ragu ƙwarai. A 2001 aka kafa hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, a shekarar kuma GSM ta shigo. A 2012 gwamnatin tarayya ta fara raba tallafin taki ta saƙon waya. A 2014 aka ƙaddamar da lambar BVN, daga baya aka wajabta haɗa layin waya da lambar NIN. Yau dillalin shinkafa da tiransifa yake biya, mai POS na zaune a bakin kasuwa, sunan manomi na cikin rajistar ƙungiyar masu amfani da ruwa da ta masu ba da rance. Ruwan Tiga har yanzu gangara ke kawo shi, amma kuɗin amfanin gona ta cikin na'ura yake dawowa.

An kuma ɗanɗana abin da tsayawar na'ura ke jawowa. A farkon 2023, lokacin canjin takardun Naira, tsabar kuɗi ta yi ƙaranci, hanyoyin tura kuɗi suka cushe, masu kayan gwari da ba sa jiran gobe suka sayar da arha ko suka yi asara. Ranar 14 ga Maris, 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, harkar bankuna a Najeriya ta sami tsaiko. A watan Yulin 2024 kuma, kuskure ɗaya a sabunta manhajar kamfanin CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 a duniya, jirage dubbai suka kasa tashi. Abin da aka ji tsoro a 1999 kenan, ya zo ta wata ƙofar.

Shi ma kwanan wata bai daina ba da wahala ba. Mutanen karkara da yawa ba a rubuta ranar haihuwarsu ba, sai a wurin rajista a ƙiyasta, sau da yawa a sa 1 ga Janairu. Idan ranar da ke BVN ta saɓa da ta NIN, asusu na iya rufewa, tallafi ko fansho na iya tsayawa, gyara kuma sai da zirga-zirga da kashe kuɗi. Ya kamata duk mai yin rajista ya tsaya a kan rana ɗaya da rubutun suna iri ɗaya a kowace takarda, ya karanta abin da aka shigar kafin ya bar wurin, ya kuma yi wa jariri takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa tun da wuri. Ƙungiyoyin manoma da suka koma ajiye lissafi a waya ko kwamfuta su ma ya dace su ci gaba da riƙe littafi da rasit.

Dabarar gaggawa da aka ambata ɗazu ta dawo a ranar 1 ga Janairu, 2020, lokacin da wasu na'urori suka karanta 20 a matsayin 1920. A birnin New York injunan biyan kuɗin ajiye mota sun daina karɓar kati a farkon 2020 saboda matsalar kwanan wata. Akwai kuma wata rana da masana suka riga suka sani. Na'urori masu yawa suna ƙirga lokaci ne da daƙiƙa, tun daga 1 ga Janairu, 1970, kuma a tsofaffin tsare-tsare gurbin wannan ƙirga ba ya ɗaukar abin da ya wuce 2,147,483,647. Zai cika ranar Talata, 19 ga Janairu, 2038, da ƙarfe 4:14 na asuba agogon Najeriya. Na'urar da ba a gyara ba za ta koma watan Disamba na 1901. Sabbin wayoyi da kwamfutoci sun riga sun koma gurbi mai faɗi wanda ba zai cika ba. Inda aikin ya rage shi ne ƙananan ƙwaƙwalen da ke cikin kayan da ake girkawa a bar su shekara ashirin ko talatin, irin su mitoci da na'urorin auna ruwa da masu sarrafa injuna, waɗanda ake ƙara shigo da su harkar noman rani, kuma da yawa daga waɗanda ake saye yanzu za su kai wannan rana suna aiki.